Na Bi Sawun Agogon Baba Har Ingila

A shagonmu akwai wani agogo da ya girme ni, ya girmi mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Ya fi mutum tsawo, yana tsaye cikin akwatin katako a lungun ƙofa. Baba ya same shi a hannun wani Kwara da zai bar Kano, ya ba shi a madadin kuɗin gyare-gyaren da ya daɗe yana yi masa. Fuskarsa ta tagulla ce, sunan maƙerin ya goge, saura kalma ɗaya da ake iya karantawa: London. Shekara talatin da ɗoriya Baba yana fama da shi a kan abu guda. Da bazara sai ya riƙa jinkiri, kusan minti ɗaya a mako, hunturu na shigowa sai ya dawo daidai. Baba ya zargi ƙura, ya zargi mai, ya wanke, ya canza igiya, duk a banza. Har ya koma ga Mahaliccinsa yana cewa agogon nan yana da cutar da bai gano ba. Ni na gaji teburin, na gaji agogon, na gaji tambayar.

A watan Oktoba na 2024 ɗan yayata, wanda ke aikin jinya a Landan, aka yi masa haihuwa, ya ce lallai sai Kawu ya zo ya ga jika. Shi ya biya kuɗin jirgi, ni na biya na biza, fam 115, a lokacin da fam ɗaya ya haura naira 2,000. Ya gargaɗe ni kada in saka kilishi a kaya domin ba a shiga ƙasar da nama, saboda haka kuka da daddawa da yaji kawai na ɗaure musu. A gefen jaka na saka gilashin idon da nake duba cikin agogo da shi, da hotunan agogon Baba ciki da waje.

Mun bar Kano bayan sallar asuba, muka wuce Kwanar Dangora, muka karya kumallo da ƙosai a Zariya. Shingen jami'an tsaro bakwai na ƙirga kafin Kaduna, a biyu ne kawai aka sa direba ya buɗe but. Daga Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Idu, na kwana gidan wani aboki a Abuja, washegari muka tashi. Awa shida da rabi a sama, ba abin da zan faɗa a kai sai ciwon gwiwa.

A Heathrow jami'ar da ta karɓi fasfona ta tambayi abin da ya kawo ni. Na ce jika, da kuma agoguna. Ta ɗago kai ta ce wane irin agoguna, sai na nuna mata hoton na Baba a waya. Ta ce kakarta ma tana da irinsa a ƙasan bene, ta buga hatimi. Daga nan jirgin ƙasa ɗaya ya kai mu Woolwich cikin kusan awa guda. Na ciro agogon hannuna zan gyara lokaci, yaron ya ce, "Kawu, bar shi, lokacinmu ɗaya da na gida. Amma ka jira Lahadi ta sama." Ban fahimce shi ba a lokacin, sanyi ya hana ni tambaya.

Kwana biyu na yi ina riƙon jariri, ina cin tuwon semo da miyar kukar da na kawo. Rana ta uku yaron ya ba ni katin shiga mota, ya ce ba a karɓar tsabar kuɗi a bas, fam 1.75 ne duk inda za ka, ya rubuta mini sunayen tashoshi a takarda. Na nufi gidan tarihin kimiyya da ke South Kensington. Shiga kyauta ne. A wani dogon ɗaki a sama aka ajiye kayan ƙungiyar maƙeran agogo ta Landan, wadda Sarki Charles na Ɗaya ya ba takardar izini a 1631, kuma tana nan har yau. Ni da na ɗauka zan yi awa ɗaya, sai da aka zo rufewa aka tashe ni.

Ƙungiyar nan ta tuna mini da sarautun sana'a na wajenmu, irin su Sarkin Maƙera. Yaro sai ya yi shekara bakwai a hannun ubangidansa kafin a yarda ya tsaya da ƙafarsa, kuma shugabannin ƙungiya suna da ikon shiga shago su duba aiki, in sun ga algus su fasa. Abin da suka fi mu shi ne alƙalami. Wane ya koya a hannun wane, a wace shekara, duk yana rubuce. Ni ban san sunan wanda ya koya wa wanda ya koya wa Baba ba, kuma babu mai rai da zan tambaya.

An jera kayan bisa shekaru, sai ka ga sana'ar tana girma a gabanka. Da farko ƙananan agogunan tagulla ne masu siffar fitila, ana rataye su a bango, nauyi na reto a ƙasa, hannu ɗaya tak na nuna awa. Ba su sa hannun minti ba domin ba shi da amfani, agogon kan yi kuskuren kwata guda a rana. A 1656 wani masani ɗan ƙasar Holan, Christiaan Huygens, ya haɗa agogo da lilo, wato sanda mai nauyi a ƙasa da ke kaiwa da komowa, kuskure ya sauko daga mintoci zuwa daƙiƙoƙi. Shekara na zagayowa wani maƙerin Landan, Ahasuerus Fromanteel, ɗansa John ya tafi birnin Hague ya yi aiki a shagon Salomon Coster, wanda ke ƙera wa Huygens. A 1658 uban ya yi tallar sabon agogo mai lilo a jaridar Landan. Haka fasahar ta tsallaka ruwa, a kan yaro mai koyon aiki.

Lilon farko gajere ne, yana wurga kansa da faɗi. Wajen 1670 aka fito da sabon abin da ni nake kira kama-saki, wato ɗan ƙarfen nan mai siffar ƙugiyar jirgin ruwa da ke kama haƙorin giya ya sake shi ɗaya bayan ɗaya, shi ke ba da ƙarar da muke ji. Har gobe ana gardama a kan wanda ya fara shi, wasu su ce William Clement, wasu Joseph Knibb, wasu Robert Hooke. Da shi lilo ba ya bukatar buɗewa sosai, sai aka tsawaita shi zuwa kusan santimita 99, tsawon da kowane kaiwa ke cin daƙiƙa ɗaya cif. To lilo mai wannan tsawo, ga dalma biyu masu nauyi suna sauka a hankali har kwana takwas, dole a yi musu gida mai tsawo da zai kare su daga ƙura da iska da hannun yara. Duk tsawon rayuwata ina ɗaukar tsayin agogon Baba ado ne. Ashe lissafi ne.

Akwatunan ma labari ne. Na farko-farko baƙaƙe ne wuluk, an lulluɓe su da itacen da ke dangi da kanyarmu. Daga baya aka koma itacen walnot, ana yanka furanni da tsuntsaye daga itatuwa masu launi daban-daban a dasa a jiki, ba fenti ko ɗigo. A ƙarni na 18 sai jan itace mai sheƙi ya karɓe kasuwa, ɗan'uwan maɗacinmu ne, ana kawo shi daga Jamaika da maƙwabtanta. Bayin da aka kwasa daga gaɓar Afirka ta Yamma su suka sare shi suka ja shi zuwa bakin ruwa. Na daɗe a gaban ɗaya daga cikinsu, kyansa bai hana ƙirjina yin nauyi ba.

Can wajen ƙarshen ɗakin na ga wani lilo da ba faifan tagulla a ƙasansa, sai kwalba cike da zaiba. Na tambayi wani dattijo mai aikin sa-kai a wurin, da ɗan Turancin da nake da shi. Ya ce George Graham ne ya ƙirƙiro shi a 1721. Ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi, lilo in ya ƙara tsawo sai ya rage sauri, agogo ya yi jinkiri. Ita kuwa zaiba zafin ne ke sa ta hau sama cikin kwalba, sai abin da sanda ta ƙara ta ƙasa, zaiba ta mayar ta sama. Na ce nawa ne jinkirin? Ya ce ga sandar ƙarfe, kimanin rabin daƙiƙa a rana kan kowane digiri ɗaya. Na juya takardar tashoshin nan na buga lissafi. Tsakanin sanyin Janairu da zafin Afrilu a cikin shagonmu ba za a rasa digiri 16 ba. Rabin 16 takwas ne, sau kwana bakwai, 56. Minti ɗaya a mako, saura kaɗan. Na nemi benci na zauna. Agogon Baba lafiyarsa ƙalau, an yi shi ne don ƙasar da ba ta san bazarar Kano ba. Dattijon ya ga idona ya kawo ruwa, ya tambaya ko lafiya. Na nuna masa hoton, na ba shi labari iya yadda harshe ya ba ni dama. Ya ce mutumin da ya lura da minti ɗaya a mako, ya kuma gane da yanayi yake tafiya, ba ƙaramin ma'aikaci ba ne. Na yi wa Baba addu'a a wurin.

A ɗakin nan kuma na ga agogon da John Harrison ya yi a 1713 yana ɗan shekara 20. Kafinta ne ɗan ƙauye daga arewacin Ingila, ba wanda ya koya masa agogo, saboda haka da abin da ya sani ya yi: giyoyinsa na katako ne. Na manna gilashin idona a jikin gilashinsu ina duban haƙoran, kowanne an dasa shi yadda jijiyar itacen za ta bi tsawonsa don kada ya karye.

Washegari na bi sawun Thomas Tompion, wanda suke kira uban sana'ar agogo a Ingila. An haife shi a 1639 a wani ƙauye a Bedfordshire, ubansa maƙeri ne na guduma da zugazugi. Shagonsa yana kan titin Fleet, a kusurwar da yanzu ake kira Whitefriars. Babu shagon, sai allo a bango mai sunansa da na Graham, mutane na wucewa da kofin shayi ba mai ɗaga kai. Daga shagon nan aka fitar da agogon aljihu kusan 5,500 da manya kusan 650, kuma yana buga wa kowanne lamba, shi ya sa har yau ake iya bin diddiginsu. Graham yaronsa ne, ya auri 'yar ɗan'uwansa, ya gaji shagon da Tompion ya rasu a 1713.

Na yi ta jinjina kuɗin shiga majami'ar Westminster, kusan fam 30, kuɗin buhun masara da canji. Daga ƙarshe na biya. A tsakiyar dogon zauren, a majami'ar da aka binne sarakuna da manyan ƙasa, akwai dutse ɗaya a daɓe: Tompion a ƙasa, aka kuma buɗe kabarin a 1751 aka saka Graham tare da ubangidansa. Ɗan maƙeri da yaronsa. Na tsaya gefe don kada in taka, duk da kowa takawa yake. Da na fito na ci kifi da soyayyen dankali a takarda, fam 12, kifin da girma amma ba yaji ba gishirin kirki, sai da na zazzaga nawa na aljihu.

Ranar Lahadi 27 ga wata na farka, agogon hannuna na cewa shida, wayata na cewa biyar. Na san agogona, ni na wanke shi da hannuna. Na zauna cikin duhu ina tunanin wanne zan bi in yi sallah, sai yaron ya fito yana murmushi, ya ce, "Kawu, ai na faɗa maka. Daren jiya ƙasar duka ta mayar da agogo baya da awa ɗaya." Haka suke yi duk ƙarshen Oktoba, ƙarshen Maris su tura shi gaba. Ranar kafin ƙarfe biyar na yamma mun yi magariba. La'asar da magariba da lisha suka matso juna, in ka fita yawo sai ka riƙa neman lungun da za ka shimfiɗa darduma.

Greenwich ba nisa daga Woolwich, bas ɗaya ne. Tun ina yaro nake jin ana cewa "agogon GMT" a rediyon Baba, ban taɓa kawowa a raina cewa wuri ne da ake hawa da ƙafa ba. Tudu ne, kuma ya karɓi numfashina. Sarki Charles na Biyu ya sa aka gina gidan duban taurari a kansa a 1675. A bakin ƙofa akwai agogon da aka kafa a 1852 mai awa 24 a fuska, in rana ta take hannun awa ƙasa yake nunawa. Na biya kusan fam 20 na shiga.

A ɗaki mai kusurwa takwas Tompion ya kafa agogo biyu a 1676 domin John Flamsteed, masanin taurarin sarki na farko. Lilon kowanne ƙafa 13, kusan mita huɗu, yana ɓoye a bayan katakon bango, kowane kaiwa daƙiƙa biyu, kuma sau ɗaya ake yi musu wani a shekara. Ni da na san wahalar sa agogo ya yi kwana takwas ba tangarɗa, shekara guda ta ɗaure mini kai. Da su Flamsteed ya gwada ko duniya tana juyawa da sauri iri ɗaya kullum, ya samu haka ne. Ɗaya daga cikinsu yana nan, ɗayan yana gidan tarihi na British Museum.

A ƙasa kuma ga agogunan teku na Harrison guda huɗu. Matuƙin jirgi a tsakiyar teku yana iya sanin nisansa kudu ko arewa daga tsayin rana, amma gabas da yamma sai in ya san ƙarfe nawa ne a gida a daidai lokacin, domin kowane minti huɗu na bambanci digiri ɗaya ne. Lilo kuwa ba ya aiki a kan igiyar ruwa. A 1707 jiragen yaƙi huɗu suka daki duwatsu a tsibiran Scilly, mutum fiye da dubu suka halaka. A 1714 majalisa ta sa ladan fam 20,000 ga wanda ya warware matsalar. Kafintan nan ya zo Landan da zanensa, aka tura shi wajen Graham. Maimakon ya ji tsoron kishiya, Graham ya zaunar da shi yini guda, ya ba shi rancen kuɗi ba ruwa ba takarda. Wannan ya fi komai burge ni a labarin, domin na san yadda muke ɓoye wa juna sirrin aiki a kasuwa. Na farkon, na 1735, tulin tagulla ne mai nauyin kilo 34, yana motsi a gabana kamar mai numfashi. Na huɗun, na 1759, bai fi faifan murfin kwano ƙarami ba. Ɗansa ya kai shi Jamaika, bayan wata biyu a teku kuskurensa kimanin daƙiƙa 5. Duk da haka sai da Sarki George na Uku ya sa baki kafin aka cika masa haƙƙinsa a 1773, yana ɗan shekara 80.

Ƙarfe ɗaya saura biyar jama'a suka taru a tsakar gida suna kallon rufi. Wata jar ƙwallo ta hau sanda, ɗaya na bugawa ta faɗo. Tun 1833 ake haka don jiragen da ke kogin Thames su saita agogunansu. Ina waya da gida ina ba su labari sai wani ya dafa ni ya ce, "Alhaji, barka da rana." Bahaushen zangon Kumasi ne, direban bas a Landan. Muka tsaya kan layin ƙarfen da aka shimfiɗa a ƙasa, wanda aka amince a taron Washington na 1884 ya zama mafarin ma'aunin gabas da yamma. Ya ce, "Malam, in ka bi layin nan kudu ba ka kauce ba, a Tema za ka faɗa teku. Mu a Gana kullum a kan agogon nan muke." Muka sha shayi tare, ya hana ni biya.

Tafiyata ta ƙarshe ta kwana biyu ce, ni kaɗai. Daga tashar Waterloo zuwa Salisbury awa ɗaya da rabi, ƙasa kore shar, tumaki kamar an zuba auduga. A babbar majami'ar garin akwai agogon ƙarfe da ake danganta shi da shekarar 1386. Ba shi da fuska, ba shi da hannu, aikinsa buga ƙararrawa kawai. Babu noti ko ɗaya a asalin ginin jikinsa, da ƙusoshin ƙarfe masu kaifin baki aka ɗaure shi, kuma sawun guduma na nan a kowace sanda. An yasar da shi a hasumiya har aka sake gano shi a 1928, aka gyara a 1956. Duk maƙerin da ke ƙera garma a ƙauyenmu zai gane aikin nan in ya gani.

Da yamma ina yawo a wani lungu sai na ji ƙarar da kunnena ya sani. Shagon gyaran tsofaffin agoguna ne, dogaye sun fi goma a tsaye, wani tsoho na zaune da gilashi a ido irin nawa. Na ciro nawa na nuna masa, ya yi dariya ya jawo mini kujera. Awa biyu muka yi, rabin hirar da hannu. Ya nuna mini bambancin na kwana takwas, mai ramin makulli biyu a fuska, da na talakawan karkara mai awa 30, wanda ake jan igiya kullum, sau da yawa hannunsa ɗaya. Ya ce fararen fuskoki masu fenti daga Birmingham suka fito bayan 1770, kuma sunan "agogon kaka" da ake kiransu da shi yanzu daga wata waƙar Amurka ta 1876 ya samo asali. Ya kuma ba ni labarin harajin sule biyar da gwamnati ta ɗora wa kowane agogo a 1797, mutane suka daina saye, maƙera suka rasa abinci, dole aka soke shi kafin shekara ta cika.

Da ya duba hotunan agogon Baba sai ya yi shiru, ya nuna wasu tsofaffin ramuka a katakon da injin ke zaune a kai, waɗanda ba su yi daidai da komai ba. Ya ce injin nan da akwatin nan ba tare aka haife su ba, wani ne ya haɗa su daga baya. A sana'arsu "aure" suke kiran haka, kuma yana rage daraja a kasuwa. Ya faɗa a hankali yana duban fuskata. Ban ji zafi ba, domin ba sayarwa zan yi ba. Ya ce ai ko ba aure kasuwar ta faɗi. Na ƙauye mai akwatin itacen ok fam ɗari uku ko huɗu ake samunsa yanzu, gidajen zamani ba wuri, yara ba sa so, alhali na Tompion sai masu dubban ɗaruruwa. Na ce mu ma waya da agogon batir sun cinye mu, yini guda sai ka canza batir biyar ka tashi. Ya ce ba shi da yaro mai koyo. Na ce ina da ɗaya. Ya ce in riƙe shi da kyau.

Sai ya juya bayan wata fuskar tagulla ya haska fitila. An kakkarta sunaye da shekaru da bakin tsinke, ƙanana ƙanana, duk wanda ya taɓa gyara agogon ya bar sawunsa, wasu tun ƙarni na 18. Nasa ne na ƙarshe. Na saya a wajensa siririn sifirin da lilo ke rataye a kai, da igiyar hanjin tunkiya irin ta asali, da ƙaramar kwalbar mai, duka fam 25.

Na kwana a wani gidan baƙi, fam 70 har da karin kumallo. Na gaya wa matar gidan ba na cin alade, ta soya mini ƙwai a wani kasko daban, ta haɗa da wake da burodi. Buta ce babu, gorar ruwa ta yi aikin.

Bath awa ɗaya ce daga nan. Gari ne na ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa, digiri 46, ya fi na Wikki a Yankari zafi nesa ba kusa ba. A zauren da ake shan ruwan, wanda yanzu gidan cin abinci ne na masu hali, akwai agogon da Tompion ya ba garin kyauta a 1709. Na gaya wa mai tsaron ƙofa ba abinci na zo ci ba, ya bar ni na shiga. Tsawonsa ya kai mita uku, wata guda yake yi kafin a yi masa wani, kuma yana aiki. A saman fuskarsa akwai wani hannu na daban da ke nuna bambanci tsakanin lokacin rana da lokacin agogo. Rana ba ta take wa a minti ɗaya kullum. Farkon Nuwamba takan riga agogo da minti 16, tsakiyar Fabrairu ta makara da 14. Nan take na tuna ladanin unguwarmu na da, mai auna inuwa da tafin ƙafa. A Kano zawali kan kama wajen sha biyu da minti goma a Nuwamba, ya kai sha biyu da arba'in a Fabrairu, kuma tsohon ya san haka ba tare da takarda ba, yakan ce wa Baba agogonku ne ba ya bin rana. Abin da yake karantawa a ƙasa, shi Tompion ya yanka a jikin wani faifan tagulla mai siffar ƙoda da ke zagayawa sau ɗaya a shekara. Na ɗanɗana ruwan, ɗumi da ƙarnin ƙarfe, kurɓi biyu na iya. Da yamma jirgi ya mayar da ni tashar Paddington a Landan.

Na dawo Kano tsakiyar Nuwamba, hazo ya fara sauka. Kwana biyu ina raba tsaraba, na uku na rufe shago ni da yarona. Muka sauke dalma, muka zare lilo, muka cire hular akwatin, muka canza sifirin da igiya. Na sa shi ya saurari bugun da ido a rufe har ya ji dama da hagu sun yi daidai, sannan muka ɗaure akwatin a bango. Kafin mu mayar da fuska na juya bayanta. Akwai sunaye uku na Turawa da ban taɓa lura da su ba. A ƙarƙashinsu na karta sunan Baba da shekarun da ya riƙe agogon, da boko da ajami.

Na saya wa yaron littafi da ma'aunin zafi. Kowace safiya in rediyo ta buga lokaci yana rubuta kwanan wata, da digiri, da abin da agogo ya ce. A ƙasan lilo akwai ɗan noti, in aka murɗa shi sama agogo ya ƙara sauri. Mun yi alama a jikinsa inda yake yanzu, in Maris ya zo za mu nemi wurin zamansa na bazara.